Hannun Kano a Ƙwaryar Inna Halime

Ƙaurin madarar da ta kama gindin tukunya, shi ke fara zuwa hancina duk lokacin da aka ambaci Njamena. Na so a ce ƙanshin humrar matan garin ne, ko iskar bakin kogi da yamma, amma zuciya ba ta shawara da mutum kan abin da za ta riƙe. Ƙawayena sun sha tambayata, "Rabi, wai ya Chadi take?" Sai in ce akwai zafi, akwai shayi, in kawar da zancen. Yanzu da shekaru suka ja, na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Tun zamanin Turawa kakan mahaifiyata, Baba Idi, ya bar Kano a ƙafa da niyyar Hajji. Ya tafi da matarsa da ƙaramar 'yarsa Halime a goye, ya bar babbar a hannun dangi. Babbar nan ita ce kakata, wadda muke kira Hajiya. Da suka isa Njamena guzuri ya ƙare, sai Baba Idi ya shiga fawa, a kan zai tara abin hanya ya ci gaba. Yana cikin tarawa Allah ya karɓi abinsa. Halime ta girma a can, ta yi aure a can, ta haifi mahauta. Ita kuwa Hajiya da aka bari a gida, ta hau jirgi ta sauke farali tun ba a haife ni ba.

A ƙarshen shekarun casa'in, ina aji biyu a jami'a ina karanta ilimin ƙananan halittu, malamai suna yajin aiki, sai ga wasiƙa daga Njamena. Abakar, babban ɗan Inna Halime, ya biya mata kujerar Makka, har an sa ranar tashi. A ƙasan wasiƙar an ƙara layi ɗaya: "Inna ta ce a aiko mata da hannu ɗaya daga gida, na mace." Muka juya zancen ba mu gane ba. Hajiya dai gwiwoyinta ba sa kai ta ko bakin titi. Ta dube ni ina kwance da littafin da nake rubuta waƙoƙina, ta ce, "Ga hannu nan da ba ya aikin komai sai zane a takarda. A kai mata." Aka haɗa ni da Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, muka kama hanya a tsakiyar bazara.

A motar Maiduguri na zauna kusa da Hajja Falmata, mai fataucin turaren wuta, mace ce da ta biya kujera ɗaya ta zauna a ɗaya da rabi. Kafin Potiskum ta san sunana, da na uwata, da dalilin da ya sa ban yi aure ba. Da ta ga ina rubutu ta leƙo.

"'Yata, lissafi kike yi?"

"Waƙa ce, Hajja."

"To rera mu ji."

"Ba a rera irinta."

Ta kalle ni da tausayi, sannan ta ɓare mini ƙwai. Kawu Sani kuwa tun daga tasha ya kafa rediyo a kunne ya yi barci, bai farka ba sai da taya ta fashe bayan Damaturu, ya buɗe ido ya ce shi dama tun ɗazu yake jin motar tana wani iri.

Mun kwana Maiduguri, washegari muka bi ta Dikwa zuwa Gamboru, a bakin iyaka. Hajja Falmata ta rantse ba za mu kwana a tasha ba alhali ƙanwarta tana da gida a garin. A gidan nan na fara ganin shayi irin na gabas. Mu a Kano shayi abin karin kumallo ne, da madara da burodi, a kofi mai mariƙi. Su kuwa baƙi ne wuluk, sukari har yana kama leɓe, a ɗan finjalin gilashi da ba shi da wurin riƙewa, kuma ba shi da lokaci. Da safe na ce bari in nuna tarbiyya in taya matar gidan zubawa. Na kai hannu na ɗauki butar daga kan garwashi ba tsumma. Yatsana na tsakiya ya manne da ƙarfen.

Nan da nan matan gidan suka kewaye ni, kowa da maganinta. Wata ta ce gishiri, wata ta ce ɗanyen ƙwai, Hajja Falmata ta ture su ta shafa mini man goge baki. Ni da na san ruwan sanyi ne kawai ake bukata, kunya ta hana ni magana. Kafin mu isa gada, bororo ya tashi kamar ƙwayar gurjiya.

A rana ɗaya muka taka ƙasa uku. Muka tsallaka wata 'yar gada daga Gamboru, sai aka ce wai ga mu a Kamaru, garin Fotokol. Na duba ko ƙasar za ta canza launi, ban ga komai ba sai akuyoyi irin namu. Wani jandarma dogo ya buɗe jakata ya ci karo da littafina. Ya juya shi, ya yi tambaya da Faransanci, Hajja Falmata ta fassara: wai mene ne wannan rubutu gajere-gajere da ba ya kaiwa ƙarshen layi? Ta ce masa waƙa ce. Ya ce in karanta. Na tsaya a rana, gaban layin mutane da buhunan albasa, na karanta masa baiti huɗu a kan ruwan sama na farko. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka yi wa ta'aziyya, ya buga hatimi. Shi ne mutum na farko da ya taɓa sauraron waƙata har ƙarshe.

Daga Fotokol zuwa Kusiri a bayan a-kori-kura muka tafi, a kan baƙar ƙasa da ta tsattsage don ƙishi. Kowa ya kama ƙarfe ya riƙe. A wani rami motar ta yi sama da mu, bororon ya fashe a jikin ƙarfen. Na yage bakin hankici na ɗaure, na ci gaba da kallon raƙuma.

A Kusiri muka rabu da Hajja Falmata, ta cusa mini ƙullin turare ta ce in riƙa cin abinci. Gadar da ta haɗa Kusiri da Njamena kasuwa ce mai tafiya: mata da sabulu da sukari a ka, amalanken jaki, guragu a kekunansu masu ƙafa uku an lafta musu kaya har ba a ganin kansu, suna wuce motoci suna yi wa direbobi tsiya. A ƙarƙashi kogi yana tafiya abinsa, bai nuna wa kowa takarda ba.

Gidan Inna Halime yana unguwar Milezi. Muna sauka daga tasi wata budurwa tsarata ta fito da gudu, lafayarta tana jan ƙasa, tana cewa, "Lale, lale, afe?" wato lafiya. Ita ce Ashta, 'yar Abakar. Hausarsu ta ba ni dariya da farko, rabi tamu rabi Larabcin garin, in zance ya zo kan makaranta ko ofis kuma sai Faransanci ya shigo. Su ma tawa ta ba su dariya. Ashta ta ce ina magana kamar rediyo.

Inna tana zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya, 'yar ƙaramar tsohuwa, idonta tar. Na durƙusa zan gaishe ta, ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta dama da hagu kamar mai sayen ƙwarya.

"Wannan hancin namu ne," ta ce. "Yayata ma haka nata yake?"

"Haka yake, Inna."

"Allah sarki. Ashe ita ma ba ta yi sa'a ba."

Aka kwashe da dariya, ita kuwa ta share ido da bakin mayafi. Ba ta taɓa ganin Hajiya da wayonta ba. Hausarta ta fi ta kowa tsabta a gidan, tsohuwar Hausa ce da ta tsaya inda Baba Idi ya ajiye ta, har da kalmomin da ban taɓa ji ba sai a bakin Hajiya. Na tambaye ta ko tana jin daɗin zaman garin. Ta ce, "Wa ya ce miki zaune muke, ƙawata? Hutawa muka tsaya yi."

Kwana biyun farko ci kawai na yi. Akwai kisar, wata shimfiɗaɗɗiyar waina mai tsami, siririya kamar takarda, da miyar kuɓewa da busasshen nama da suke kira sharmut. Zoɓo a can karkanji ne. Maza ba sa ci a zaure kamar namu, a ƙofar gida suke shimfiɗa tabarma, duk wanda ya gifta a ce masa "faddal", kuma abin mamaki sai ya zauna. Kawu Sani ya ce a Kano in ka ce wa mutum bismilla ya zauna da gaske, sai an yi shekara ana ba da labarinsa. Da rana ta take, garin gaba ɗaya yakan kwanta. Ni kaɗai nake zama ido biyu, ina jin kukan kurciya da zogin yatsana.

Don yatsan bai warke ba. Ya kumbura, bakin ciwon ya yi fari, in na matsa sai mugunya ta fito. Ana jibi tashin Inna aka kira mai lalle ta yi wa matan gida ƙunshi. Da ta zo kaina ta tsaya.

"Wannan fa?"

"Ƙuna ce, ta kusa warkewa."

Ta ɗaga kafaɗa ta bi ta kai da baƙin lalle. Da ya kama, hannuna ya yi kyan da bai taɓa yi ba, ciwon ya ɓace a cikin zanen.

A yammacin nan Inna ta warware mini zancen wasiƙa. Ta ce tun a hanya, duk lokacin da ayarinsu Baba Idi zai tashi daga wani zango, matan ayarin sukan taru su dama fura a ƙwarya ɗaya, ba da ludayi ba, da hannu, kowace ta sa nata, don wadda ba za ta ci gaba ba hannunta ya ci gaba. Zuriyarsu ta riƙe abin. Duk wanda zai tafi Makka daga cikinsu, ana gobe tashinsa matan dangi za su dama masa fura da dafaffiyar madara, a sha a yi addu'a. Kowace mace kuma za ta cura ɗan dunƙule ɗaya, a shanya, a ɗaure a ƙyallen zanenta, mai tafiya ya ci a can ya ambaci sunanta.

"Na ga an yi wa mutum goma sha," in ji Inna. "Kullum hannun nan garin ne. Ni na ce nawa sai da hannun gida."

Na kwanta ina jin kaina kamar wata wasiƙa da aka rubuta tun kafin a haifi uwata, sai yau ta iso.

Da aka idar da sallar asuba muka kewaye wata babbar ƙwarya, mu tara. Zenaba, matar Abakar, ta juye madarar da ta dafa ta huce, aka zuba curin fura da sukari. Aka ce baƙuwa ce za ta fara. Na wanke hannu da sabulu, wannan kam na yi. Sannan na tsoma shi har wuyan hannu, na murje furar nan da yatsu biyar, har da mai ciwon. Madarar da ɗumi-ɗuminta, har daɗi ta yi wa yatsan. Gara in faɗa muku tun yanzu, kada ku ce na ɓoye: a nan na yi ɓarnar, ina murmushi, mata suna yi mini guɗa.

Kowace ta cura dunƙulenta aka shanya. An shirya za a sha furar da hantsi. Amma Abakar da sauran maza sun tafi ofishin alhazai karɓo fasfo da katin rigakafi, layi ya riƙe su. Ba a sha sai da maza, ba a addu'a sai da liman, liman kuma yana tare da su. Aka rufe ƙwaryar da faifai aka kai ta ɗaki. Ɗakin kwano ne, bazara ce. Hantsi ya wuce, rana ta take, aka kira azahar, sannan muka ji tsayuwar mota.

A nan karatuna ya motsa. Na ja Zenaba gefe na ce, "Gwaggo, madarar nan ta daɗe a zafi. A tafasa ta kafin a sha."

Ta buɗe faifan ta shinshina. "Lafiyarta ƙalau. Ko tsami ba ta yi ba."

"Ƙwayoyin cuta ba a jin warinsu. Amma wuta tana kashe su duka."

"Bitti, 'yata, a garinku ana tafasa fura?"

Inna ta jiyo mu daga tabarmarta. Ta ce, "Zenaba, ki bar ta. Kuɗi aka biya aka koya mata." Aka juye furar nan a tukunya, na tsaya a kanta da muciya har ta yi ta ɓararraka, ta koma wani abu tsakanin kunu da fate, gindinta ya kama. Ƙauri ya cika gidan har ƙofar waje.

Mutanen Njamena suna da kara. Aka sha, ana cewa "zen, zen", wato da kyau. Liman ya sha kwano ɗaya ya yi doguwar addu'a. Kawu Sani ya sha uku, wai don ya rufa wa Kano asiri. Inna ta sha rabin ƙoƙo. Ni kunyar ƙaurin ta hana ni kai ko cokali baki, Ashta kuma dama madara ba ta karɓe ta ba.

Ana kiran la'asar ƙaramar 'yar Zenaba ta fara amai. Kafin a kawo mata buta, uwar ta dafe ciki. Sai muka ji gudu daga ƙofar gida, Kawu Sani ne, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ya wuce mu babbar rigarsa a hannu. Gidan banɗaki ɗaya ne. Cikin rabin sa'a layinsa ya fi na ofishin alhazai, ana ta sallama daga waje, na ciki yana amsawa da nishi. Maƙwabta suka buɗe ƙofofinsu. Liman ya tafi gida da takalmi ɗaya nasa, ɗaya na Abakar.

Ni da Ashta muna ta jigilar buta, wani lokaci mu haɗa ido dariya ta kusa ƙwace mana. Sai muka shiga ɗakin Inna, dariyar ta tsaya. Ta yi amai har ba abin da ya rage, tana ta yunƙurin banza. Idonta ya faɗa, leɓenta ya bushe, na ja fatar hannunta ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Jakarta tana gefe a ɗaure, da sunanta da Ashta ta rubuta da babban baƙi. An ce maniyyata su hallara a filin jirgi gobe da hantsi, kuma kowa ya san wanda jirginsa ya tashi ba shi, sai dai ya jira wata shekara. Inna ta haura saba'in.

Na haɗa ruwan gishiri da sukari yadda ake koya mana a rediyo, na zauna ina ɗura mata da cokali, in ta mayar in dakata in sake. Ashta ta tari tasi zuwa unguwar Kabalaye ta ɗauko Madam Marta, wata ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar kudu, wadda ta shekara ashirin tana sayen nama a teburin Abakar. Ta shigo da jakarta, ta dubi mutane zube a tsakar gida, ta tambayi abin da aka ci da lokacin da aka ci. Ta ce irin wannan mai saurin kamu yakan yi saurin saki, matasa za su miƙe da kansu, tsohuwar ce abin ji. Ta rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da Inna ke rataye carbinta.

"Hajja, gobe ba tafiya," ta ce da Larabci, Ashta tana fassara mini.

Inna ta buɗe ido ɗaya. "Ba a fara ce mini Hajja ba tukuna. Ki bari in je in dawo."

A waje an fara neman mai laifi. Wasu suka ce mai kawo madara ce, wasu suka ce baki ne, don unguwa duka ta san Inna za ta tafi. Zenaba, tana kwance a tabarma da ƙyar take magana, ta ce, "Ku gode wa Allah da Rabi ta tafasa. Da ba ta tafasa ba, da yanzu gawarmu ake wanka." Kowa ya amsa da "sahi", wato gaskiya ne. Daga ranar sunana ya koma Daktora. Na karɓa kuwa, har cikin raina na yarda na ceci mutane.

Gari ya waye kowa ya miƙe, sai dai an rame an yi zuru-zuru, ana tafiya a hankali kamar masu tsoron tada ƙasa daga barci. Inna ta daina amai, amma ko zama sai an tallafe ta. Abakar, ƙaton mutum mai hannu kamar faranti, ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yi haƙuri. Ki huta bana. In Allah ya kai mu baɗi, ko teburina zan sayar in sake biya."

Inna ta ɗago ido ta dube shi. Sannan ta ce, "Ubana ma cewa ya yi bari ya huta kwana biyu."

Ta ce a kawo mata shayi, baƙi, da sukari sosai. Ta sha finjali ɗaya muna kallon maƙogwaronta, muna jira. Ya zauna. Ta sha na biyu da ɗan kisar. Madam Marta, da ta dawo tun da sassafe, ta auna ta, ta cire allurar, ta cika mata jaka da ƙullin gishiri da sukari, ta ce ita dai ba ta ce a tafi ba, kuma ba ta ga lokacin da aka fita ba.

A filin jirgi akwai wata igiya da 'yan rakiya ba sa wucewa, daga nan kuma sai maniyyaci ya taka da ƙafarsa, jami'ai suna kallo. Daga mota zuwa igiyar a kafaɗata Inna ta rataya, ba ta fi nauyin ƙullin kaya ba. Da muka isa ta sake ni, ta gyara farin mayafinta, ta ce, "Ki gaya wa yayata na wuce." Ta taka. Ina ƙirga sawunta a zuci. Sau ɗaya ta yi tangaɗi, wata mata a layin ta kama gwiwar hannunta kamar dama tare suke. Ba ta waiwayo ba. Muka tsaya a rana har jirgin ya tashi ya karkata gabas, Abakar yana kuka ba ya ɓoyewa, Kawu Sani yana tambaya ko akwai banɗaki a kusa.

Inna ta je, ta yi aikin Hajjinta cikakke, ta dawo da haƙorin Makka, ta aiko wa Hajiya da zamzam da dabino. Ta ƙara shekara shida a duniya ana ce mata Hajja.

Ni kuwa na gama karatu, na kama aiki a wani ɗakin gwajin abinci, har lokacin in wasiƙa ta zo daga Milezi da "Daktora" take farawa. A wurin aikin nan ne, ina karatu a kan ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus, na ji kamar an karanta mini labarin ranar nan. Ƙwayar tana zaune a hanci da fatar mutane masu lafiya, kuma ita ce ta fi yawa a ciwon da ya yi mugunya. Ba kowace ce ke da illa a abinci ba: wasu daga cikinsu ne ke ɗauke da ƙwayoyin gadon da ke sa su ƙera guba, wasu ba su da su, kuma a ido duk ɗaya suke, sai an bincika gadon nasu ake bambancewa. In mai gubar ta faɗa abincin da aka riga aka dafa, kamar madara, ta samu fili ba abokin takara. In aka bar shi a ɗumi na wasu sa'o'i, sai ta hayayyafa ta zuba gubarta, ba wari, ba tsami. Wanda ya ci, cikin sa'o'i kaɗan zai fara amai. Layin da ya sa na ajiye littafin shi ne na ƙarshe: tafasa tana kashe ƙwayar, amma ba ta karya gubar. Wato duk tsayuwar da na yi a kan tukunyar nan, ban rage komai ba sai daɗin furar.

Ba ni da hujjar da zan nuna, ƙwaryar an wanke ta tun shekaru. Amma na san yatsan da ya fara shiga cikinta.

A lokacin wayar hannu ta riga ta zo. Na yi mako ina juya lambar Ashta kafin in kira. Na yi mata bayani dalla-dalla, da gado, da guba, da zafin ɗaki. Ta bari na gama, sai na ji dariya har tana tari.

"Daktora, sai yanzu kika sani? Ai Inna tun ranar ta gane. Kina ba ta ruwa a cokali ta ga yatsan, lallen ya ɗaye. Da kika fita ta ce mana ko a zamanin ayari mai ƙurji ba ta taɓa madara. Ta ce duk wanda ya gaya miki ba ta yafe ba, yarinya ta keto ƙasa uku."

Can na tuna, na ce, "To dunƙulena fa? Kada dai ta ci."

"Namu takwas ta cinye, kowa ta ambaci sunanta. Naki ta kai shi har Makka, ta kwance ƙyallen, ta yi miki addu'a ta fi ta kowa tsawo, sannan ta marmasa wa tantabarun Harami. Ta ce hannun Kano ya iso inda aka aiko shi, amma cikinta ba zai sake gwada shi ba."